Me Ke Kashe Ƙwai a Injin Ƙyanƙyasa? Fashin Baƙi Ga Masu Kiwon Kaji a Jos

Injin ƙyanƙyasar ƙwai ya shiga gidaje da dama a Jos cikin 'yan shekarun nan. Akwai ƙanana na roba da ake shigowa da su daga Sin, masu cin ƙwai 24 ko 56 ko sama da 100, akwai kuma waɗanda masu fasaharmu ke haɗawa da katako ko tsohon firij, su saka fanka da gulob da na'urar daidaita zafi. Matan aure sun saya, matasa sun saya, 'yan fansho ma haka, tun daga Rikkos da Unguwar Rogo har Bukuru. Kukan da ake yi kuwa kusan iri ɗaya ne: an cika tire da ƙwai, an yi mako uku ana gadi, ranar ƙarshe 'yan tsaki goma suka fito, ko biyar, ko ma babu. Sai a ce injin jabu ne, ko mai ƙwai ya yi ha'inci, ko a ce rabo ne bai tsaga ba. Rabo gaskiya ne. Amma kowane ƙwan da ya mutu akwai abin da ya kashe shi, kuma yawancin waɗannan abubuwa ana iya hango su tun kafin asara ta auku.

Lambobin da ke haske a goshin injin ba su ne abin dogaro ba, ƙwan da kansa shi ke faɗin halin da yake ciki. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwali an rubuta ta ne don wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, ɗakinsa kuma ba ya sauya yanayi tsakanin dare da rana. Jos ba haka take ba. Gari ne da ke kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga sanyin dare, ga hunturu mai tsotse laima, ga damina mai jiƙa bango. Wanda ya bi takarda ido rufe a nan, zai iya yin komai daidai da rubutu kuma ya tashi da baragurbi. Misirawa sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan laka, har yau ma akwai masu yi, kuma gwanayensu da fatar ido suke gwada zafin ƙwai, su ɗora shi a kai su ji. Ba su da allo, ƙwan suke karantawa.

Dalilin sayen injin a fili yake. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci kwana 21, sannan ta shafe wata biyu ko fiye tana jan 'ya'ya ba ta koma kan ƙwai ba, shaho da shirwa kuma suna ragewa. In aka ɗauke mata kwanci da reno, takan koma saka ƙwai da wuri. Kajin da aka inganta kuwa, irin su Shika Brown ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar noma da ke Abeokuta, da Noiler, ba su cika yin kwanci ba. Zabuwa ma ba uwar kirki ba ce a gida, shi ya sa iyayenmu ke zuba wa kaza ƙwan zabi ta kwanta musu.

Asara da yawa ana ƙulla ta ne tun injin yana kashe. Ƙwan kiret da ake sayarwa a shago na kajin gidan gona ne da ba su taɓa ganin zakara ba, ko shekara ya yi a injin ba abin da zai fito. Ƙwan ƙyanƙyasa sai daga garken da ke da zakara lafiyayye, ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. In sabon zakara aka saka, a ba shi kamar mako guda kafin a fara tara ƙwai. In kuma shekara da shekaru zakara ɗaya ne ke hawan 'ya'yansa da jikokinsa, iri zai yi rauni, 'yan tayi su riƙa mutuwa a ɓawo ba tare da injin ya yi laifin komai ba. Haka nan abincin iyayen: kazar da ke rayuwa a kan dusa kaɗai za ta yi ƙwai, amma ƙwan ba shi da isassun sinadaran da za su gina ɗan tsako har ƙarshe. Masarar da ta yi fumfuna ma tana rage ƙyanƙyasa, kuma a gari mai ruwa irin namu wannan ba baƙon abu ba ne.

Saboda haka mai saye ya yi tambaya, ba rashin kunya ba ce. "Baba, ƙwan nan na yaushe ne? Zakara nawa ke cikin kajin?" In amsar ita ce an yi ta tarawa ne tun makon jiya ko wancan, a bar shi a saya don shayi. Ƙwan da ya fi kyau shi ne wanda bai wuce kwana 7 da sakawa ba, bayan kwana 10 kuwa ƙarfinsa na raguwa kullum. A ajiye shi tsininsa a ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi, tsakanin digiri 13 da 18 in da hali, ba cikin firij ba. A nan Jos ta yi wa Abuja fintinkau, don a yawancin shekara ƙuryar ɗaki ta wadatar. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin ɗaki ke haura digiri 25, ɗan tayin yakan fara motsin girma da rana ya tsaya da dare, ya galabaita tun bai shiga injin ba. Ƙwan da aka ɗauko a babur daga ƙauye, ya sha gargada a hanya, a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 kafin a zuba.

A zaɓi matsakaici, mai santsin ɓawo, ba ƙato mai gwaiduwa biyu ba, ba mai tsaga ba ko da siririya ce. Maganar cewa dogon ƙwai zakara ne, mai zagaye kuma kaza, ba ta da tushe. Kusan rabin abin da zai fito zakaru ne, kuma duk mai lissafin riba ya sa wannan a ciki. Kada a wanke ƙwai. Kaza na saka shi da wani siririn shafi da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuma yana wanke shi, musamman ruwan sanyi da ke jawo datti ya shige ciki ta ƙofofin ɓawo. Mai ɗan kashi a jiki a kankare a hankali da busasshen tsumma, mai datti sosai a cire shi daga lissafi.

Yanzu zafi. Injin mai fanka yana son digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ba shi da fanka, zafinsa hawa-hawa ne, sama ya fi ƙasa, don haka ake auna shi daidai saman ƙwai a bar shi wajen digiri 38.5. Rabin digiri a wannan harka ba ƙaramin abu ba ne. Abin takaicin shi ne na'urar auna zafi ta ƙananan injina takan yi kuskuren da ya kai haka ko ya fi, allo na nuna 37.5 alhali ƙwan na dahuwa a 38.5 ko yana jin sanyi a 36.5. Maganin mai araha ne: ma'aunin zafin jiki da ake sayarwa a kemis, wanda aka yi shi don ya faɗi gaskiya daidai tsakanin digiri 35 da 42. A kunna injin babu ƙwai na kwana ɗaya ko biyu, a sa ma'aunin a tsayin da ƙwai zai zauna, a gwada tsakiya, a gwada kusurwoyi huɗu. In akwai bambanci da allo, ma'aunin kemis za a bi. In wata kusurwa ta fi sanyi, a riƙa sauya wa ƙwai mazauni.

Ɗan tayi ya fi jure sanyi a kan zafi. Kaza da kanta tana tashi ta je ta ci ta sha ta dawo, ƙwai ya ɗan huce ba abin da ya same shi. Amma 'yan sa'o'i a sama da digiri 40 sun isa su kashe ko su nakasa. Shi ya sa wurin da aka ajiye injin ke da nauyi kamar injin kansa. Ba bakin taga inda rana ke faɗowa ba, ba ƙarƙashin kwano marar silin ba, ba kicin ba. Injin ya iya ƙara zafi, bai iya ragewa ba. A Jos kuwa babbar matsalar ita ce daren Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauko kusa da digiri 10: ɗan hitan da ke cikin injin roba ba zai iya riƙe 37.5 a irin wannan ɗaki ba. Farin soson da aka naɗo injin da shi a kwali kada a yar, a mayar masa da shi kamar riga, a ƙara da bargo, sai dai a bar ƙofofin iska a buɗe.

Batun ɗauke wuta kuwa, a yi shirinsa kafin a sayi ƙwai. Yawancin ƙananan injinan nan suna da hanyar batir mai bolt 12, kuma lissafin ba wuya. A ce injinka na cin wat 80, wato kusan amfiya 7 ke nan. Batir mai amfiya 100, wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, zai riƙe ka kamar awa 7 in hita bai huta ba, a daren hunturu kuma da ƙyar yake hutawa. Wanda ba shi da sola ko wata hanyar cajin batir da rana, ya san wuta ta kwana biyu ba ta zo ba yana cikin haɗari. In an ɗauke kuma babu madadi, kada a buɗe murfi, a lulluɓe, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a ciki ba tare da ta taɓa ƙwai ba. Amma a mako na uku abin ya ɗan bambanta, domin a lokacin 'yan tayin suna fitar da nasu zafin kuma suna buƙatar iska sosai. Babban injin da ya cika da ƙwai, fanka ta tsaya, zai iya shaƙe na ciki ko ya ƙona na sama, don haka a bar masa kafar numfashi. Janareta kuma ya zauna a waje can nesa. Hayaƙinsa da na gawayi suna kashe ɗan tayi, suna kashe mai gidan ma.

Inda na fi so a tsaya a fahimta shi ne laima, don nan ne Jos ta fi saɓa wa takarda, nan ne kuma aka fi yin asarar da ta fi ciwo, wato ɗan tsako ya cika cif ya mutu a ɓawo. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Fitar ruwan nan ba illa ba ce, dole ce. A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai gurbin iska, kuma gwargwadon ruwan da ya fita, gwargwadon faɗaɗar gurbin. A cikin wannan gurbi ne ɗan tsako zai fara tura baki ya shaƙi numfashinsa na farko kafin ya huda ɓawo. In laima ta yi yawa, ruwa bai fita ba, gurbin ya zama ɗan ƙarami, ɗan tsako ya kumbura ya kasa juyawa, ko ya tura baki ya tarar da ruwa. In ta yi kaɗan, ƙwai ya bushe, ɗan tsako ya fito ƙanƙani, ko tantanin ciki ya manne masa ya ɗaure shi. Abin da ake nema shi ne ƙwai ya rage kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa daga ranar zubi zuwa kwana na 18. Laimar kashi 50 zuwa 55 da ake rubutawa hanya ce kawai ta kaiwa can, ba ita ce manufar ba.

To, dubi yadda garinmu yake. A tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗi zuwa kashi 20 ko ƙasa. Iskar nan in ta shiga injin aka ɗumama ta zuwa 37.5, laimarta sai ta koma ƙasa da kashi 10 in ba a sa ruwa ba. A watan Agusta kuwa, iskar waje da ke cike da ruwa, ko an ɗumama ta tana riƙe da kashi 30 ko fiye tun ba a zuba ko ɗigo ba. Ashe ruwan da ya yi daidai a Janairu zai nutsar da ƙwai a Agusta, wanda ya yi daidai a Agusta kuma zai busar da shi a Janairu. Ga kuma tudu: nauyin iska a Jos ya yi ƙasa da na Legas da kusan kashi 13 cikin 100, abin da ke sa tururin ruwa ya fi saurin ratsa ɓawo, iskar oksijin kuma ta ɗan ragu a kowace shaƙa. Wannan shi kaɗai ba zai hana ƙyanƙyasa ba, amma in ya haɗu da hunturu da mai injin da ya toshe ƙofofin iska don ya tara laima, sai abin ya taru ya yi yawa. Toshe ƙofa ba hanyar ƙara laima ba ce. Faɗin saman ruwa shi ke ƙara ta, ba zurfinsa ba: faranti mai faɗi, ko tsabtataccen soso da aka tsoma rabinsa a ruwan ɗumi. Ba a fesa wa ƙwan kaza ruwa a jiki.

Ma'aunin laima ya fi na zafi ƙarya. Ana iya gwada shi da gishiri: a jiƙa gishiri a murfin kwalba ya yi damshi ba tare da ya narke ba, a ƙulle shi da ma'aunin cikin leda na kwana guda, ya kamata ya nuna kashi 75. Amma abin da ya fi wannan tabbas shi ne sikeli. A auna ƙwai ranar zubi, a cire nauyin tire. A ce ƙwai 30 ne, kowane giram 50, jimla giram 1,500. Kashi 12 cikin 100 giram 180 ke nan a kwana 18, wato giram 10 kullum. Ranar kwana 7 ya kamata a ga sun rage kamar giram 70, ranar kwana 14 kamar 140. In ragin ya zarce haka a ƙara ruwa, in bai kai ba a rage. (In an cire wasu ƙwai a hanya sai a sake lissafi, shi ya sa wasu ke zaɓar guda goma su sa musu lamba su riƙa auna su kaɗai.) Wanda ba shi da sikeli ya zana iyakar gurbin iska da fensir duk lokacin da ya haska ƙwan da tocila, zuwa kwana na 18 gurbin ya kamata ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, ya ɗan karkata gefe guda.

Juyi ba shi da sarƙaƙiya. Ɗan tayi yana zaune ne a saman gwaiduwa, in aka bar shi wuri ɗaya sai ya manne da tantani. Injin mai juyawa da kansa a duba a tabbatar motar tana aiki, don takan tsaya ba a sani ba. Mai juyi da hannu ya sa alama a gefe biyu da fensir, ya juya sau 3 ko 5 a yini, da wankakken hannu, ƙwan ya kwana yau a dama gobe a hagu. Makon farko shi ne ya fi buƙata. In ƙwai a tsaye yake cikin tire, ɓangaren mai faɗi ne a sama, kullum.

Haskawa ita ce idon mai injin. Ɗaki mai duhu da tocila mai ƙarfi, a ɗora a ɓangaren mai faɗi. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa tun kwana na 2, amma ranar kwana 7 ne abu ke fitowa sarai: ɗigo mai duhu da jajayen jijiyoyi sun bazu daga jikinsa. Wanda ya fito fes babu komai, ko dai ba zakara ko ya mutu tun farkon fari. Wanda ke da jan zobe kewaye ba jijiyoyi, ya fara ya mutu. In ana shakka, a sa alamar tambaya a sake dubawa a kwana na 10, musamman ƙwai mai jan ɓawo ko na zabi da haske ba ya ratsawa da sauƙi. Wanda ya tabbata matacce a fitar da shi. Baragurbi kan fashe a cikin zafi ya watsa ƙwayoyin cuta a kan sauran, kuma hanci kan riga ido ganewa.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne mayar da injin ɗaya rumbu: yau a sa biyar, jibi a ƙara bakwai, mako mai zuwa maƙwabciya ta kawo nata. Kwana uku na ƙarshe suna son abin da ya saɓa wa kwana 18 na farko, don haka duk abin da aka yi wa wani rukuni an cuci ɗayan. Haka ma haɗa ƙwai iri-iri. Na kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida kusan 35, na salwa 17 ko 18. Masu karɓar ƙwan jama'a su ƙyanƙyashe a biya su, su sani akwai cututtukan da ke bin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kuma ƙwan gida ɗaya zai iya shafa wa na gida goma. A tara a zuba rana ɗaya, ko a nemi injin na biyu na fitar 'yan tsaki kawai.

Ƙirgen kwana yana farawa ne awa 24 bayan zubi; wanda ya zuba ranar Asabar da safe, ya sa ido ranar Asabar ta uku bayan wannan. A kwana na 18 a daina juyi, a kwantar da ƙwai a gefe a kan shimfiɗa marar santsi don kada ƙafafun 'yan tsaki su baje, a ɗaga laima zuwa kashi 65 ko 70, a buɗe ƙofofin iska sosai, a rufe murfi a bar shi. Abin da ke gudana a ciki a waɗannan kwanaki yana da ban mamaki. Ɗan tsako yana jawo ragowar gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya, yana huda tantani ya shiga gurbin iska, huhunsa ya fara aiki, har ana jin kukansa ƙwai bai fashe ba. Sannan ya huda ɓawo, ya tsaya. Tsayawar nan kan kai awa 12 zuwa 24, kuma a nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Ba maƙalewa ya yi ba, jijiyoyin jinin da ke jikin tantani ne ke janyewa, cibiya tana rufewa. Wanda ya ɓare masa ɓawo a wannan lokaci zai ga jini, ɗan tsakon kuma da wuya ya kwana. Duk buɗe murfi don a leƙa ko a nuna wa yara, musamman da hunturu, yana kwashe laimar da aka tara cikin daƙiƙoƙi, tantanin waɗanda suka riga suka huda ya bushe a jikinsu. Waɗanda suka fito ba sa buƙatar ci nan take, gwaiduwar da suka haɗiye tana riƙe su kwana biyu ko ma uku, don haka a bar su su bushe gashinsu ya tashi kafin a kwashe.

Ranar fitowa ma shaida ce a kan ma'aunin zafi. In sun fara fita tun kwana na 19 da ɗanyar cibiya, injin ya yi zafi. In sai kwana na 22 ko 23, suna fita a kasalance, ya yi sanyi ko ƙwan tsoho ne. Ragowar da ba su fashe ba kuwa, kada a zubar haka nan. A kwana na 23 a fitar da su bayan gida, a sa leda a hannu, a fasa ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren mai faɗi. Aiki ne marar daɗi, amma babu malamin da ya kai shi. In yawanci fes suke, matsalar tana wajen zakara ko ajiya. In zoben jini ne ya yi yawa, a tuhumi tsufan ƙwai, ko jijjigar hanya, ko zafin makon farko. Mutuwar tsakiya ta fi nuna abincin iyaye ko cuta ko rashin juyi. Cikakken ɗan tsako a jiƙe, gurbin iska ƙarami, laima ce ta yi yawa. Busasshe da tantani ya naɗe, ta yi kaɗan. Wanda kansa ke wajen tsini, galibi an kifa ƙwan ne. A rubuta duk wannan a littafi tare da watan da aka yi zubin. Lissafin ma a raba shi biyu: nawa suka fito cikin duk abin da aka zuba, nawa kuma cikin waɗanda haske ya nuna suna da rai. Na farko yana auna mai ƙwai, na biyu yana auna mai injin. Bayan haka a wanke injin da ruwan bilic, a shanya ya bushe sarai kafin sabon zubi, don gashi da ɓawon da suka rage su ne ke jawo ciwon cibiya a zubi na gaba.

Ɗan tsakon da ya fito daga injin ba shi da uwar da zai shige ƙarƙashinta, kuma sanyin Jos ba ya jira. A ɗumama ɗakin reno tun kafin ranar, digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Su da kansu za su nuna: in sun cure a jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da kaskon gawayi ya bar gawayin ya kama sosai a waje kafin ya shigo da shi, ya kuma bar kafar iska. Ruwa ake fara ba su a mazubi marar zurfi, sannan abincin 'yan tsaki.

Akwai kuma abin da masu ƙyanƙyasa a gida ke mantawa. Manyan kamfanonin ƙyanƙyasa sukan yi wa 'yan tsaki rigakafin cutar Marek tun ranar farko, naka kuwa ba wanda ya yi masa komai. Gumboro da cutar Niyukasil, wadda ke share kajin gida da hunturu, suna nan suna jira. Mu a Filato muna da gata, don Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma tana sarrafa rigakafin kaji, har da I-2 na Niyukasil da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi sauran jure rashin firij. A nemi likitan dabbobi ya tsara ranakun gwargwadon abin da ke yawo a unguwa. Kwalbar rigakafi takan zo ne da adadin kaji 100 ko fiye, kuma da an haɗa ta da ruwa sai a ƙarar cikin awa ɗaya ko biyu, ba a ajiye ragowa. Mai 'yan tsaki 40 gara ya daidaita ranar zubinsa da ta maƙwabta biyu ko uku masu injin, su sayi kwalba ɗaya, a ɗauko ta cikin ƙanƙara, kowa ya yi wa nasa a safiya guda.